Kundin aikin "Zanen Kaka": daga karofi zuwa maɗaba'a

Wannan kundin aikin littafin hotuna ne na yara da muke haɗawa a Kano, mu uku: mai rubutu, mai zana hotuna da mai tsara shafuka. Abin da aka yi da kuɗin da ya ci muke rubutawa, domin mai niyyar irin wannan aiki ya san inda ramukan suke kafin ya taka.

13 ga Janairu, 2025

An tsayar da labari. Ladi ce kakarta ta aike ta karofi da farin zane a rina mata shi shuɗi. Marini ya tsoma zanen a rijiya, ya ɗago, sai ga shi kore. Ladi ta fashe da kuka, a zatonta an ɓata wa Kaka zane. Kafin ta share hawaye iska ta bugi zanen, ya rikiɗe ya koma shuɗi. Haka rinin baba yake a zahiri: a cikin ruwan rijiya launin a narke yake, kore mai ɗan rawaya, sai ya haɗu da iska yake komawa shuɗi ya kama zare. A kan wannan ɗan lokaci za a gina littafin gaba ɗaya.

Rubutun farko kalma 940 ne, ya yi wa 'yan shekara 4 zuwa 7 yawa ƙwarai. Ba ma son ya wuce kalma 350. Ƙa'idar yankan guda ce: duk abin da hoto zai nuna, rubutu ya sakar masa. Ba sai an ce Ladi ta sa jan hijabi ta bi ta kasuwa ba, yaro zai gani da idonsa. Rubutu ya riƙe magana, da sauti, da abin da ke cikin zuciyar yarinyar.

20 ga Janairu

Yini guda a karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498. An nemi izinin marina kafin a ɗaga kyamara. An ɗauki hoto 160, mai zane kuma ya cika shafi 22 da zanen fensir nan take.

Abubuwan da ba a samu sai an je: yadda marini yake zama a bakin rijiya, kumfar da ke taruwa a saman ruwa mai ɗan walƙiyar jan ƙarfe, tsayin muciyar da ake motsa ruwa da ita, da hannun tsohon marini wanda shuni ya zauna masa har cikin farce. Ruwa da toka da kanwa da busasshen baba ake haɗawa, a bar su makonni su ruɓa kafin rijiya ta nuna. Ba tsomi ɗaya ake yi ba. A tsoma, a ɗago ya sha iska, a mayar, har launi ya kai inda ake so. Mata ne ke ɗaure yadi da zare a gida don fitar da ado, wannan ma zai shiga littafin. Mun tsaya wurin masu bugun rinannen yadi mun saurari amon gudumar itace a kan gungume, domin da shi za a rufe tafiyar Ladi.

27 ga Janairu

Girman littafi. Mun so ya zama murabba'i, santimita 21 kowane gefe, amma lissafin takarda ya hana. Babbar takardar da ake sayarwa a nan inci 24 ce da 36, kusan santimita 61 da 91. Shafi 8 ne ke shiga fuska guda, ko murabba'in ne ko mai tsawon santimita 28. Da murabba'i, wani dogon yanki mai faɗin kusan santimita 17 zai tafi shara a kowace takarda, kuma kuɗinsa muka biya. An tsayar da faɗi 21, tsawo 28. Shafi 32 a ciki, bango daban. Adadin 32 ba ado ba ne: babbar takarda guda shafi 16 take bayarwa gaba da baya, biyu ke nan a kowane littafi, ba rara ba gibi.

3 ga Fabrairu

Rabon shafuka. Shafi na 1 suna, na 2 bayanan bugu, na 3 ƙaramin hoton farin zane a ninke. Labari daga 4 zuwa 31, wato buɗi 14 (shafi biyu masu fuskantar juna muke kira buɗi). Shafi na 32 bayani ne ga iyaye da malamai. An zana kowane buɗi ƙarami kamar kwalin ashana a takarda guda don a ga tafiyar labarin a kallo ɗaya.

Da waya za a ɗinke littafin a tsakiya, saboda haka shafi na 16 da 17 kaɗai ne takarda ɗaya ba yanka. Nan aka ajiye babban hoton karofi daga sama. Kukan Ladi kuma dole ya faɗo a shafin dama, na 21, yadda sai yaro ya juya takarda da hannunsa zai ga shuɗin a 22 da 23. In aka sa koren da shuɗin a buɗi ɗaya, ido zai riga kunne, mamakin ya mutu.

11 ga Fabrairu

Gwaji na farko. An ninke farar takarda aka yi littafin gwaji da zanen fensir, aka manna rubutu, aka karanta wa 'yan aji 1 da aji 2 a wata firamare, rukuni uku na yara goma-goma. Malamarsu ce ta karanta, mu muna gefe muna rubuta inda hankali ya tafi. Wannan sharaɗi ne: in marubuci ya karanta da bakinsa, muryarsa za ta rufe raunin jimla.

Abu huɗu suka fito.

Jimlar "an zuba baba a rijiya" ta tayar da aji. Boko ba ya nuna karin sauti, malamar ta karanta shi da karin Baba mahaifi, yara suka ɗauka tsohon aka jefa. Laifin rubutun ne. An mayar da shi "ganyen baba" a ko'ina, kuma Ladi za ta kira marinin da "Malam" in ban da gaisuwar farko.

Yawancin yaran "bulu" suka sani, shuɗi baƙo ne a kunnensu. Mun yi muhawara a kai, mun bar shuɗi. Littafin yaro wurin gamuwa da kalma ne, muddin hoto na nan yana fassara ta. Sai dai kalmar za ta dawo sau shida, kullum a gefen abu mai launin.

Buɗi na 3 da na 4, tafiyar kasuwa, sun yi sanyi. Yara sun fara taɓa juna. An haɗe su wuri guda, an ba masu bugun yadi buɗin da ya samu.

Na huɗu shi ne mai daɗin. Da aka zo wurin tsomi, ba wanda ya ce su yi, yaran suka kama amshi. Don haka aka gina amshin da gangan: "Tsoma, ɗago, sha iska!" Zai zo sau uku. Tatsuniya ta daɗe da sanin wannan, mai ba da ita ba ta barin masu sauraro zaune baki a rufe.

Gaisuwa ma an gyara. A rubutun farko Ladi ta iso ta miƙa zane kawai. Malamar ta ce ba ɗiyar kirki da za ta yi haka. Yanzu tana durƙusawa: "Sannu da aiki, Baba. Kaka ce ta aiko ni, tana gaishe ka." Shi kuma: "Ina amsawa, 'yan mata. Kawo mu gani."

18 ga Fabrairu

Rubutu ya sauko kalma 338. Jimla mafi tsawo kalma 11. Buɗi na 10, shafin shuɗin, ba kalma ko ɗaya.

24 ga Fabrairu

Haruffa. An gwada iri biyar, uku ba su da ɓ, ɗ, ƙ, sai kwamfuta ta aro su daga wani iri, su fito ƙanana ko sirara a tsakiyar kalma. An zaɓi Andika, wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta ƙera don masu koyon karatu. Kyauta ne, yana da masu lanƙwasa manya da ƙanana, kuma a da g ɗinsa irin waɗanda yaro ke rubutawa a allo ne. Girma 22, tazara mai yalwa tsakanin layuka, rubutu baƙi a kan fili mai haske. Ba za a ɗora farin rubutu a kan shuɗi ba ko da ya fi kyau. In farantan bugu (faifan ƙarfen da inji ke ɗora tawada da su, ɗaya ga kowane launi) suka goce kaɗan, lanƙwasar ƙ ce za ta fara cikewa, ƙafa ta koma kafa.

Ƙa'idar Nijeriya muka bi, 'y mai waƙafi a sama. A Nijar ƴ ake rubutawa.

10 ga Maris

An fara fenti, da launin ruwa a kan takarda mai nauyin giram 300. Iskar Kano a wannan wata ba ta da ɗigon laima, fenti na bushewa kafin buroshi ya kai ƙarshen shafi, sai sararin sama ya fito da layi-layi. Magani: a jiƙa takardar gaba da baya, a manne ta a katako, a yi manyan filaye bayan asuba kafin rana ta ɗaga, a kashe fanka. Buɗi biyu sun lalace kafin a gane haka.

Kowane hoto ana zarce shi da milimita 3 a kowane gefe, rarar da wuƙar yanka za ta ci. Fuska ko hannu ba sa kusantar ninkin tsakiya da ƙasa da santimita 1. Makarantu na hutun azumi, gwaji na biyu sai bayan salla.

7 ga Afrilu

Buɗi 9 cikin 14 sun kammala. An biya mai zane kaso na biyu cikin uku.

22 ga Afrilu

Ɗaukar hotuna zuwa kwamfuta. Buɗi da rararsa santimita 42.6 ne, gilashin na'urar kuwa 42, don haka kowanne sau biyu aka ɗauka aka haɗe. An ɗauka a ɗigo 600 a inci, za a sauke zuwa 300 wajen bugu.

Zanen Kaka kansa ba fenti ba ne. Yadi muka kai karofi aka rina, aka ɗauki hotonsa aka ɗora a jikin hotunan, don yaro ya ga saƙar zare ta gaske. A nan matsala ta ɓullo: a bugun gwaji wasu igiyoyi kamar zanen ruwa suka bayyana a kan zanen. Dalili, saƙa layuka ce a jere, bugu ma ɗigo ne a jere, in jeri biyu suka hau juna sai su haifi na uku. An sake ɗaukar yadin a karkace, an dusashe kaifin zaren kaɗan, an kuma ƙara girman saƙar yadda ba za ta yi kusa da girman ɗigon bugu ba. Igiyoyin sun tafi. Kwana huɗu ya ci.

6 ga Mayu

Gwaji na biyu, da hotuna masu launi, a wata makarantar dabam. Shafin shuɗin ya yi aikinsa: aji ya yi tsit, sannan aka ɗauki sowa, wasu suka ce a koma baya su ga koren.

Wani yaro ya nuna shafi na 11 ya ce Ladi da hagu take ba Malam kuɗi. Gaskiyarsa. Wajen tsari an juya hoton don yarinyar ta fuskanci dama, inda labari ke tafiya, juyin kuma ya mayar da damanta hagu. Mu uku mun kalli shafin sau da yawa ba mu gani ba. An sake zana hannun. Daga yau duk hoton da aka juya sai an bi hannuwa, da ɗaurin zane, da duk wani rubutu da ke jikin bango. Yara sun kuma ƙirga awaki: uku a shafi na 6, biyu a na 8. An ƙara ɗaya.

19 ga Mayu

An nemi ISBN, lambar shaidar littafi, a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda shi ke bayar da ita a Nijeriya. Lamba 13 ce, ta nan ƙasar tana farawa da 978-978. Doka ta ɗora wa mai bugu mai zaman kansa ya kai musu kwafi 3 bayan fitowa, an ware. Sunan mai zane zai zauna a bango daidai girman na marubuciya. An saba tura masu zane can cikin ƙananan haruffa, alhali a irin wannan littafi fiye da rabin labarin su suka ba da shi.

2 ga Yuni

Launi, kuma nan ne zuciyar aikin. Allon kwamfuta da haske yake nuna launi, injin bugu kuwa da tawada huɗu: sayan (shuɗi mai haske), majenta (ja mai ruwan hoda), rawaya da baƙi. Shuɗi mai zurfi na cikin launukan da suka fi wahalar tsallakawa daga wancan zuwa wannan. Da muka bar manhaja ta juya da kanta, shunin ya fito sayan 95, majenta 90, rawaya 10, baƙi 20 (kowanne kashi cikin 100). A allo lafiya lau, a takarda ruwan makuba. Wanda ya taɓa ganin baban Kano ba zai karɓi wannan ba, kuma littafin da ya yi wa yaro alkawarin shuɗi ya ba shi makuba ya karya alkawari.

An buga ƙananan murabba'ai 24 masu haɗi daban-daban, aka fita da su inuwa da hantsi, aka ajiye kusa da yadin da aka rina. A ƙarƙashin fitilar ɗaki ba a hukunta launi. Wanda ya dace: sayan 100, majenta 70, rawaya 15, baƙi 35. Abin riƙewa shi ne majenta ta kasance ƙasa da sayan da kamar 30, zurfi kuma a nemo shi daga baƙi.

Fatar mutane ma ta so ta yi ja. An daidaita ta a sayan 25, majenta 55, rawaya 70, baƙi 30, rawaya kullum sama da majenta. Inuwa mafi duhu an hana jimillar tawadarta wuce 280, don takarda marar sheƙi ba ta shan tawada da wuri. Rubutu baƙi zalla, faranti guda.

16 ga Yuni

An karɓi farashi daga maɗaba'a uku, an zaɓi ta tsakiya don ta yarda mu tsaya a gaban inji ranar bugu. Injinsu rabin takarda yake ɗauka, shafi 4 a fuska, saboda haka ciki fuska 8 ne, faranti 32, bango 4, jimilla 36. Kwafi 1,000:

Takarda marar sheƙi giram 150, rim 5 (kowanne babbar takarda 500) a ₦105,000: ₦525,000. Rim 4 ne ainihin buƙata, na biyar na saitin inji ne.
Kwalin bango giram 250, fakiti 3: ₦114,000.
Faranti 36 a ₦4,500: ₦162,000.
Bugu, ₦4,000 kowane faranti: ₦144,000.
Ledar bango: ₦90,000.
Ninki, ɗinki da yanka: ₦70,000.
Bugun gwaji: ₦25,000.
Jimilla ₦1,130,000. An sayi takarda yau, don farashinta ba ya kwana wuri ɗaya.

1 ga Yuli

Saura ƙiris a yi asara. Mun kai PDF da haruffa a ƙulle a ciki, amma wajen jera shafuka an buɗe fayil ɗin a wata manhaja, kwamfutarsu kuma ba ta da Andika. Duk ƙ da ɗ suka koma akwati. A takardar duba ta ƙarshe aka gani, kafin a ƙona faranti. An mayar da duk rubutu ya zama zane, yadda ba kwamfutar da za ta iya musanya shi. Kada a sa hannu a kan faranti sai an karanta takardar duba kalma-kalma, kuma mai karatun ya zama wanda bai haddace labarin ba.

8 zuwa 10 ga Yuli

Bugu. Takarda huɗu, kowace rabin babbar, ce ke yin littafin, kowace shafi 8: ta farko 1 zuwa 4 da 29 zuwa 32, ta biyu 5 zuwa 8 da 25 zuwa 28, ta uku 9 zuwa 12 da 21 zuwa 24, ta huɗu 13 zuwa 20. Ma'ana hoton da ya ratsa shafi na 12 da 13 rabinsa a wata takarda yake, rabi a wata, ana iya buga su a ranaku daban. Haka 4 da 5, 8 da 9, 20 da 21, 24 da 25, 28 da 29.

Ranar farko an buga ta ɗaya da ta biyu lafiya, an sa hannu a takardar da launinta ya yi daidai aka rataye ta gefen inji. Rana ta biyu wuta ta ɗauke ana tsakiyar takarda ta uku. Kafin janareta ya tashi inji ya tsaya, daidaiton ruwa da tawada ya ɓaci, da aka ci gaba majenta ta yi nauyi. Dare ya yi, hasken ɗakin rawaya ne, ba a lura ba. Da safe aka ninke samfuri aka haɗa 12 da 13: zane ɗaya, hagu makuba, dama shuɗi. Mafi muni, shafi na 22 da 23 a wannan takardar suke.

Ba a yi dogon tunani ba, an sake buga ta gaba da baya. Farantan na nan da kyau. Maɗaba'ar ta yafe kuɗin bugu, mu muka sayi babbar takarda 600, ₦126,000. Abin da ya kamata a yi tun farko: a riƙa zaro takarda ɗaya bayan kowace 100, a ninke ta a kara da abokiyar buɗinta, a fita da su waje, kuma bayan duk tsayuwar inji a ware 50 na farko gefe.

Damina ta ƙara nata. Laima ta hana tawada bushewa, takardun ƙasan tuli suka fara ɗaukar inuwar na samansu. An rage tuli zuwa 200-200, an ƙara hodar feshi, an bar su kwana uku kafin ninki.

21 ga Yuli

Ɗinki. Bangon farko 20 sun tsage a ninki, farin kwali ya leƙo ta cikin shuɗi. Kwali mai kauri sai an danna masa layi kafin a ninke, kuma bayan an sa leda. An yi hakan, tsagewa ta tsaya. Waya biyu a kowane littafi, an duba bakinta ya kwanta sosai a shafin tsakiya saboda yatsun yara.

4 ga Agusta

An kawo kaya, an bi su ɗaya-ɗaya. Masu kyau 968. Sauran 32 yanka ya karkace ko tawada ta goga.

Lissafi: maɗaba'a ₦1,256,000, mai zane ₦600,000, kayan fenti da ɗaukar hoto ₦85,000, zirga-zirga da takardu ₦60,000. Jimilla ₦2,001,000, kowane kwafi ya tsaya ₦2,067, ban da ladan rubutu da tsari. Farashi ₦3,500. Mai kanti na cire kashi 30 cikin 100, abin da ya rage mana a kwafi bai kai ₦400 ba. Makarantar da ta ɗauki 20 ko fiye, ₦2,600.

26 ga Agusta

An fito da littafin yau, Ranar Hausa. Ba a yi taron manyan baƙi ba; tabarma aka shimfiɗa, yara kusan 60, aka karanta sau biyu. An zo da bokitin ruwan baba daga karofi, aka tsoma farin ƙyalle a gabansu, suka ga koren ya juya da idonsu. An sayar da 74. An kai wa marinan kwafi 10, an buɗe musu shafin tsakiya. Gyara ɗaya suka yi: muciyar da ke shafi na 14 ta yi gajarta ga zurfin rijiya. An rubuta.

22 ga Satumba

Wata guda bayan fitowa, 412 sun fita: 260 makarantu, 78 kantuna, sauran ranar fitowa. Kantuna na tafiyar hawainiya. Iyaye kan ɗaga littafin su ji rashin kaurinsa, su ƙirga kalmomi, su ce ₦3,500 ta yi yawa ga abin da za a gama a minti biyar. Ba a minti biyar ake gama shi ba, yaro kan nemi a maimaita masa har ya haddace, kuma daga haddar yake fara gane kalma a takarda. Amma wannan bayani ba ya shiga a bakin kanta, shi ya sa inda aka karanta shi a fili nan yake sayuwa.

Daga malamai: amshin ya kama, har a filin wasa ana yi. Ajin da ke da yara 80 ko fiye, na baya ba sa ganin hoto. Shafin da ba rubutu yana rikita wasu malaman, suna tsallake shi da sauri, alhali nan ne ya kamata a tsaya a tambayi yara me suka gani. Bayanin shafi na 32 bai faɗi haka ba, gibin namu ne. A makaranta ɗaya shafin tsakiya ya fara fita daga waya a kwafi 6. Takarda giram 150 ta yi wa waya biyu nauyi. Malamai biyu na Islamiyya sun tambayi na ajami.

13 ga Oktoba

Batun gasa. Lambar Caldecott ta Amurka, wadda ake bayarwa tun 1938, mai zane ake ba, amma sai ɗan ƙasar ko mazauninta, littafin kuma a can aka buga shi. Gasar adabi ta Nijeriya da kamfanin gas na NLNG ke ɗaukar nauyi, mai dala 100,000, tana zagayawa tsakanin zube, waƙa, wasan kwaikwayo da adabin yara; na yara ya zo a 2024, kuma da Ingilishi ake shiga. Ƙofar da ke buɗe ga littafin Hausa ita ce White Ravens, jerin littattafai 200 da Ɗakin Karatun Matasa na Duniya da ke Munik a Jamus ke zaɓa duk shekara daga harsuna masu yawa. Na bana a wannan watan yake fitowa, don haka na baɗi muke nufa. An shirya kwafi 2 da fassarar rubutun a takarda daban, da ɗan bayani kan amshin, wanda fassara ba ta ɗauko shi. Mai zane kuma zai tura hotuna 5 zuwa baje kolin masu zane na kasuwar littattafan yara ta Bolonya a Italiya.

Saura kwafi 390. In suka sauko 150 za a koma maɗaba'a. Farantan na ajiye, an shafe su da gam. In farashi bai motsa ba, bugu na biyu zai tsaya kusan ₦943,000 kafin gyare-gyare. Gyaran su ne tsawon muciya a shafi na 14, faranti 4. Sabon bayanin malamai a shafi na 32, faranti 1 tunda baƙi ne zalla. Waya uku maimakon biyu. Za a buga babban kwafi 30 mai ninkin girman wannan don manyan azuzuwa, an nemi farashi. Bugun Nijar faranti baƙi kaɗai zai canza, a fuskokin da 'y ya fito, sannan a sa wani malami daga Damagaram ko Maraɗi ya bi kalmomin. Na ajami aiki ne dabam: daga dama ake buɗe shi, dole Ladi ta juya ta fuskanci hagu, kuma juya hoto zai dawo da matsalar hannun nan a kowane shafi. Mai zane zai ƙirga buɗi nawa ne sai an sake su da buroshi, ya kawo adadin ranar 27 ga wata.